Jajayen Ranakun Atika

A gidan marigayi Malam Inuwa da ke Sharaɗa babu mai karatun kalanda kamar Kulu. Ba kwanan wata take nema ba, wannan duk mai aikin yini a ƙafafunsa yake jin sa. Jajayen ranaku take bi, waɗanda aka buga da jan tawada don a nuna hutun gwamnati ne. Kamfanin buhun da take wa aiki a Challawa ne yake raba kalandar duk shekara, kuma ita da hannunta take kafa ta a rumfar tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Abin haushin shi ne, duk jajayen ranakun nan babu ko ɗaya tata.

Shekara bakwai ke nan tana ɗinke bakin buhu da inji a tsaye, daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, Litinin zuwa Asabar. Da yini ake biyansu. In ka zo a rubuta sunanka, in ba ka zo ba babu mai tambayar ko lafiya. Ko da Sallah da kamfanin yake rufewa kwana biyu, kwana biyun nan ba a biya, don haka Kulu ba ta taɓa sanin hutun da ba ya tafe da yunwa ba.

Ita kuwa Atika, matar ƙanenta Kamilu, ma'aikaciyar gwamnati ce, tana sashen ajiye fayil a sakatariyar ƙaramar hukuma. Takardar sakandare ce da ita, irin wadda Kulu take da ita a ƙasan akwati, bambancin kawai ita ta sami mai tsaya mata. Idan jar rana ta zo sai ta zauna a gida, wata ya ƙare kuma albashi ya shigo cif, ko sisi ba a taɓa ba. Wannan abu ya tsaya wa Kulu a wuya. Ba wai ta ƙi jinin yarinyar ba ne, ai da Atika marar kunya ce da abin ya fi mata sauƙi. Ƙyashi ne tsagwaronsa, irin wanda yake tashin mutum kafin ladan ya tashe shi.

Iya, mahaifiyar Kulu da Kamilu, ta kusa shekara tana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ba ta magana, ba ta juyawa sai an juya ta, kunu ma sai da dabara yake wucewa. Ciwon ya same ta ne saura mako guda Atika ta haihu, alhali yarinyar ta riga ta ɗaure kayanta za ta tafi gida wankan jego, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Kulu ce ta sa aka kwance kayan.

"Gwamnati ta ba ki wata uku kyauta," in ji ta a lokacin. "Ni kuwa in na zauna yini ɗaya, wa zai ba ni?"

Haka Atika ta yi jegonta a Sharaɗa, ta fito daga wankan ruwan zafi ta shiga wankin zannuwan Iya. Da ta koma aiki sai aka ɗauki Baba Saudat, wata dattijuwar maƙwabciya, tana zama da Iya daga Litinin zuwa Juma'a har ƙarfe huɗu. Amma Asabar da jajayen ranaku Kulu sallamarta take yi. A kan me za a biya mutum biyu a yini ɗaya, bayan ɗayar gwamnati ta riga ta biya ta? Wannan hujja tun tana faɗarta da baki har ta zama doka a gidan.

Jaririyar mace ce, aka sa mata sunan mahaifiyar Atika, Aina'u, ana kiranta Ummi. Ita kuwa mai sunan tana can wani ƙauye bayan Birniwa, tafiyar yini guda in an yi sa'ar mota. Ciwon kumburin ƙafa ya hana ta zuwa suna. Har Ummi ta fara rarrafe, tsohuwar ba ta taɓa sa takwararta a ido ba, kuma ciwon nata gaba yake yi.

Wata Laraba da yamma rediyo ya faɗi hutun Maulidi, ranar Juma'a. Kulu ta dawo ke nan, ta zare takalmin roba tana matsa dugaduganta, sai ga Atika ta zo ta durƙusa a gefen tabarma da Ummi a baya.

"Yaya, sannu da aiki. Dama cewa na yi, tunda hutun ya haɗu da Asabar da Lahadi, ko zan je in kai wa Inna yarinyar nan ta gan ta."

Kulu ba ta ɗago ba. "Iya kuma fa?"

"Ai ga Baba Saudat."

"Baba Saudat kyauta take zama? Kin ga Atika, ni ba na son son kai. Ke ana biyanki kina kwance, ni sai na tsaya awa goma sha ɗaya kafin a san da ni. Yanzu ɗan yinin da Allah ya kawo wa gidan nan sauƙi, shi ma sai kin ɗauke shi kin tafi da shi ƙauye?"

Kamilu yana bakin famfo yana alwala, kuma duk ya ji. Direban babbar mota ne a wani sito a Bompai, mutum ne mai son zaman lafiya, irin zaman lafiyar da wani ne yake biyan kuɗinsa. Ya tsane ruwan fuskarsa ya ce, "Ki yi haƙuri mana Atika. Yaya ce babba, kuma ta fi mu sanin yadda gidan yake. Ai hutu ba ya ƙarewa, wani yana nan tafe."

Wani kuwa ya zo, tun ma kafin a je ko'ina. Bayan mako guda gwamnatin jiha ta ba da hutun Takutaha, bikin da ake yi kwana bakwai bayan Maulidi. Kulu tana cikin motar kamfani ta ji, har sai da ta yi tsaki mai ƙarfi na kusa da ita suka waiwayo. Mutane za su hau Dala su ci tuwo su yi raha, wai shi ma hutu ne, shi ma da biya. Ta kalli hannayenta da zaren leda ya tsattsaga, ta tuna hannayen Atika masu laushin taɓa takarda. Kafin ta isa gida ta gama tsara yadda yinin zai tafi. Akwai barguna tun na bara, akwai rigunan aikinta da na Kamilu masu baƙin mai, akwai masarar da za a surfa a kai niƙa, ga ɗakin Iya yana buƙatar a fitar da komai a shanya.

Tun daga nan ta daina jiran rediyo. Da ta ga jar rana a kalanda sai ta ɗauki biro ta rubuta aiki a ƙarƙashinta. A ƙarƙashin ɗaya ga Oktoba ta rubuta katifa da daka. Atika takan tsaya a gaban kalandar da safe tana ɗaura goyo, ta karanta, ta wuce.

Ramewa dai ta yi. Zoben hannunta ya fara zamewa har ta naɗa masa zare. Ta daina kunna rediyo ranar da ake sa ran sanarwa, alhali da ita ce mai ƙara murya. Kulu tana ganin duk wannan, ba makauniya ba ce. Amma sai ta ce a ranta, ai shayarwa ce, kowace mai goyo haka take yi. Kuma in ma gajiya ce, ta zo Challawa ta ga gajiya.

Akwai kuma wani abin da Kulu ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Duk bayan magariba Atika takan raɓe a bayan ɗaki ta kira innarta a waya. Ba a jin abin da take cewa, sai dai wani lokaci muryar tsohuwar takan fito sama-sama tana kiran "Atikatu, Atikatu," tana sa a kara wa Ummi wayar a kunne. A daidai lokacin Kulu takan kasance a ɗakin Iya tana goge mata yawu, tana yi mata hira babu amsa. Rabon da ta ji uwarta ta kira sunanta tun ranar da ta faɗi. Yarinya ga albashi, ga hutu, ga goyo, ga kuma uwa mai magana. Kulu takan ji kamar rabon mutum biyu aka haɗa aka ba mutum ɗaya.

A tsakiyar Disamba yayan Atika, Isyaku, ya kira daga ƙauye. Wannan karon a tsakar gida wayar ta same ta, kowa ya ji. Inna ta daina cin abinci, kumburin ya hau har ciki, kuma ba ta da magana sai ta takwararta.

Atika ba ta zo ta durƙusa ba. Ta bari sai da ta gama shirinta, sannan ta same su bayan sun ci tuwo.

"Kirsimeti ta faɗo Alhamis da Juma'a," ta ce. "Da Asabar da Lahadi kwana huɗu ke nan. Na yi magana da Baba Saudat, za ta zauna da Iya duk kwanakin, kuma ni zan biya ta daga albashina. Ba zan taɓa na gida ba. Alhamis da safe zan tafi, Lahadi in dawo in sha Allahu."

Kamilu ya saci kallon yayarsa, ya ga an toshe duk hujjojinta, sai ya sami ƙarfin hali. "To ai shi ke nan. Ni ma Laraba zan ɗauki kaya zuwa Sakkwato, sai Asabar. Ki gaishe da Inna, ki ce ina nan tafe."

"Kirsimeti," in ji Kulu, tana suɗe yatsa. "Ba sallarki ba, ba ta iyayenki ba, amma ita ma taku ce. Allah ya kiyaye hanya."

Ta faɗa ne kawai, amma addu'ar ba ta wuce leɓenta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ma shi ne wannan "ni zan biya ta." Wato har ta kai Atika tana sayen yini da kuɗi, kamar mai sayen tumatir. Ita kuwa a kamfani an sanar cewa tunda masu bikin Kirsimeti za su tafi garuruwansu, duk wanda ya zo Alhamis da Juma'a ninki biyu za a biya shi. Sau ɗaya ke nan a shekara da jar rana take yi wa Kulu murmushi, shi ma sai ta tsaya a kan ƙafafunta. Ta hango kanta ta dawo a gajiye, Baba Saudat ta tafi gida, girki yana jiranta, juyin Iya yana jiranta, wata kuwa tana can a ɗakin uwarta ana shafa mata kai, gwamnati tana biya.

Laraba da yamma, da ta sauka daga motar kamfani, ba ta shiga gida ba. Ta zarce gidan Baba Saudat. Har ta kai zaure ba ta yarda ta san abin da ya kawo ta ba.

"Baba, sannu da gida. Dama cewa aka yi in gaya miki, tafiyar nan ta Atika an fasa. Jikin innar tata ya yi sauƙi."

"Alhamdulillahi," in ji tsohuwar, ta ɗaga hannu sama. "Kai, na ji daɗi. To ai shi ke nan, dama 'yata ta Wudil tana ta nacin in je, na ce mata na riga na yi alkawari. Bari in bi motar sassafe."

A hanyar komawa Kulu ta yi ta lallashin zuciyarta. Ai ba hana ta ta yi ba, jinkirtawa ta yi. Ga sabuwar shekara nan da mako guda. Kuma tsofaffin ƙauye haka suke, yau a ce rai a hannun Allah, gobe a gan su a bakin rijiya. Kafin ta kai ƙofar gida ta kusa yarda cewa taimakon Iya ta yi.

Alhamis da safe ta fito ta tarar da jaka a bakin ƙofar Atika, da buhun shinkafa ƙarami, da ledar magani. Ummi tana zaune a kan tabarma cikin sabuwar riga mai ruwan ƙwai, an sa mata kwalli, an ɗiga mata ɗigo a goshi. Atika tana dama kunun Iya tana kallon ƙofa.

"Yaya, a sauka lafiya. Sai Lahadi."

"Allah ya kai mu," in ji Kulu, ta fita da sauri kamar motar za ta bar ta.

Ranar sau uku tana karya allura. Mai duba aiki ya zo ya tsaya a kanta ya tambaye ta ko barci take yi. Da yamma ta dawo ta tarar da jakar tana nan inda ta bar ta. An cire wa Ummi sabuwar rigar an rataye a igiya. Atika tana fitowa daga ɗakin Iya da fo a hannu.

"A'a, ba ki tafi ba?" Muryar Kulu ta fito daidai, har ita kanta ta yi mamaki.

"Baba Saudat ba ta zo ba. An ce ta tafi Wudil, wayarta kuma a kashe. Na shiga gida uku, Yaya. Kowa ya ce zai iya leƙowa, amma babu mai iya ɗaga Iya da ba ta kunu." Ta ajiye fo ɗin, ta wanke hannu, sannan ta zo ta durƙusa, ba a gefen tabarma ba, a kan siminti. "Don Allah ki zauna gobe. Yini ɗaya. In na tafi da asuba zan same ta da la'asar, in kwana, in juyo Asabar. Abin da za a ba ki a kamfani ni zan ba ki, ninki biyun."

Da ba ta ƙara wannan na ƙarshen ba, wataƙila da Kulu ta sauko. Amma maganar ta sauka daidai kan gyambon.

"Ni za ki saya? Ni ma na zama Baba Saudat ke nan? Ke kin ɗauka aikinmu irin naku ne, da za ki ƙi zuwa kujera ta jira ki? Na riga na ba da sunana. In ban je ba wata za a ba injina, kuma ba za ki ciyar da ni shekara ba. Ki bari Kamilu ya dawo Asabar a san yadda za a yi."

"Yaya Isyaku ya ce ko ruwa ba ya wucewa."

"Rai a hannun Allah yake, Atika. Zuwanki ba zai ƙara mata kwana ba."

Atika ta daɗe a durƙushe. Sannan ta tashi ta ɗora tukunyar tuwo.

Ranar Juma'a da yamma, tun daga bakin lungu Kulu ta ga takalman mata a ƙofar gidansu. Ta ɗauka Iya ce ta cika. Ta shiga da gudu ta tarar da maƙwabta zazzaune a rumfa, Atika a tsakiyarsu da Ummi a cinya, idanunta a bushe. Inna Aina'u ta cika ana saukowa daga masallacin Juma'a. Da la'asar aka kai ta. A lokacin da ake binne ta, 'yarta tana ɗakin Iya tana canza mata zani, don ciwo bai san an yi rasuwa ba.

Kulu ta zauna a bakin rumfa, kuɗin ninki biyun suna ƙulle a bakin zaninta. Ta yi salati, ta yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Amma da wata maƙwabciya ta ce ai ofis za su ba Atika kwanakin zaman makoki, sai Kulu ta ji wata murya a cikinta ta ce, har mutuwa ma da biya. Ta firgita da kanta, ta duba ko wani ya ji.

Asabar da sassafe Atika ta goya Ummi ta ɗauki jakar nan ta tafi. Ba ta tambayi wa zai zauna da Iya ba, Kulu ma ba ta tambaya ba. Ita ce ta zauna, kuma ba a ba kowa injinta ba.

Baba Saudat ta dawo Lahadi ta ji labari a bakin lungu. Ta shigo ta sami Kulu tana shanya, ta tsaya tana kallonta har sai da zanin ya suɓuce daga hannun Kulu.

"Kulu, ke kika ce min an fasa."

"Baba, ki rufa min asiri. Wallahi ban san abin zai zo da haka ba."

"Wa ya taɓa sani? Shi ya sa ake barin mutum ya je." Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Ni ba zan kai mata magana ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya da furfurata ba."

Kwana tara Atika ta yi. A cikinsu Kulu ta san nauyin Iya a hannu, ta san sau nawa ake juya ta tsakanin magariba da asuba, ta san yadda bayan mutum yake yi in ya dawo aiki ya tarar da wani aikin. Sabuwar shekara ta zo, jar rana ce, Kulu ta biya Baba Saudat da hannunta. Kamilu ya je gaisuwa ya kwana ɗaya ya dawo yana cewa ai ƙaddara ce, kowa da ranarsa, shi dai da yana gari da ba a yi haka ba. Kamfani ya raba sabuwar kalanda, Kulu ta kawo ta a naɗe ta jefa kan akwati. Ta tanadi maganganu iri-iri na ranar da Atika za ta dawo, na kare kai da na ban haƙuri, tana ta juya su a gaban inji.

Ranar Lahadi da la'asar Atika ta yi sallama. Ta fara shiga ta gaida Iya, ta taɓa zaninta ta ji ko a bushe yake. Sannan ta fito ta zauna a rumfa ta kwance goyo. A wuyan hannun Ummi akwai wani ɗan awarwaron azurfa, tsoho, an matse shi da zare don ya zauna.

"Ya ƙarin haƙuri?" in ji Kulu. "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta."

"Amin, Yaya. Na gode." Ta ga inda idon Kulu yake. "Na Inna ne tun tana yarinya. A ƙarƙashin matashinta aka same shi. Tun Maulidi ta sa aka wanke shi da toka, wai da hannunta za ta sa wa takwararta."

Kulu ta kawar da ido daga awarwaron, ta bar duk maganganun da ta tanada. Sai ta ce, "Baba Saudat ta dawo."

"Na gan ta a ƙofar gida, mun gaisa. Ban tambaye ta komai ba, Yaya. Ba kuma zan tambaya ba."

Ta jawo jaka ta fito da wani ƙulli a tsohon ɗankwali, ta ajiye a gaban Kulu. Ƙamshin daddawa ya cika rumfar.

"Wannan naki ne. Ita ta ƙulla shi tun tana iya zama, ta ce in na zo in kawo miki. Ta ce a gode miki da riƙon da kike yi min."

"Ni?"

"Ke. Ai ban taɓa gaya mata abin da yake hana ni zuwa ba. Ina tsoron kada ta kwanta da baƙin cikin gidan da ta kawo ni. Duk hutun da ya zo sai in ce mata ofis ne suka riƙe mu, aiki ya yi yawa. Yaya Isyaku ya ce har ranar Alhamis ɗin tana cewa, wannan gwamnati ba ta da imani, ta hana yarinya ko yini ɗaya ta zo ta ga uwarta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya riƙe ni." Atika ta gyara wa Ummi awarwaron. "Sannan ta ce Allah ya yi wa Kulu albarka, da ba don ita ba da 'yata ba ta da kowa a birni."

Kulu ta kalli ƙullin. Addu'a biyu tsohuwar ta bari, kuma ta san wacce ce tata.

Babu wanda ya daki Atika a gidan nan, babu wanda ya zage ta ko ya hana ta tuwo. In aka tara unguwa aka tambaya, cewa za a yi gidan mutunci ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ranakunta kawai aka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da hujjarta mai kyau, don an ga ba a kasuwa ta sayo su ba. Kamfanin da ya tsayar da Kulu shekara bakwai babu hutu yana can Challawa da katangarsa da maigadinsa, ba ta isa ta taɓa shi ba. Wadda hannunta ya kai gare ta ita ta biya.

Daga ɗaki Iya ta yi ɗan nishin da take yi in tana son a juya ta. Kulu ta yunƙura, amma Atika ta riga ta miƙe, jiki ya saba. Ta kai bakin ƙofar ɗakin sai ta tsaya, ta dubi ƙusar da babu komai a jikinta.

"Yaya, ba a ba ku kalandar bana ba?"

"An ba mu," in ji Kulu, da ƙyar.

"To ki kafa ta mana. Ki rubuta duk abin da kike so a jajayen, daga farko har ƙarshe. Yanzu ba ni da inda zan je."